Kimiyya a Tsakar Gida: Yadda Muka Raba Madubin 'Yan Koli da Firam Ɗinsa

 Wannan makon daga gida muke rubuto muku, wato Birnin Gwari, inda muka zo hutun ƙarshen zango. Da filasta a babban yatsa muke riƙe da biro, kuma dalilin filastar nan shi ne darasinmu na yau.

Kwana biyu da isowarmu, ƙaninmu da ke aji biyu na babbar sakandare ya kawo mana littafinsa na Fiziks mu duba. Mun tarar da zane tsaf: ga madubi, ga haske ya sauka a kansa, ga shi ya tashi, an rubuta cewa kusurwar sauka daidai take da kusurwar tashi. Muka ce masa, ka taɓa aunawa ka ga haka ne? Sai ya yi dariya ya ce, "Wallahi Yaya, a allo kawai muka gani." Ba mu yi mamaki ba, domin mu ma haka muka taso. Matsalar ita ce, jarrabawar WAEC da NECO tana da ɓangaren gwajin hannu, kuma gwajin haske yana cikin waɗanda suka fi yawan fitowa, ko da madubi, ko da dunƙulen gilashi, ko da gilashi mai kusurwa uku. Yaron da bai taɓa kafa allura a gaban madubi ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa zai yi, ko da kuwa ya haddace littafin daga bango zuwa bango.

Shekarun da aka yi ana fama da rashin tsaro a wannan yanki sun ci karatun yara da yawa. Wasu makarantun ƙauye sun daɗe a rufe, wasu malaman sun bar garuruwan da aka tura su, hanyar Kaduna mai kimanin kilomita 120 ta zama abin fargaba. Tun bayan sulhun da aka yi a ƙarshen watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara, motoci sun ƙaru a hanya, kasuwa ta ɗan farfaɗo. Amma ɗakin gwaje-gwaje ba ya cika da kaya a dare ɗaya, jarrabawa kuma ba za ta jira ba. Don haka muka ɗauki ƙanin namu muka nufi layin 'yan koli.

Wani dattijo muka samu a gaban tirensa, ga kwalli, ga mataji, ga zobba, ga ƙananan madubai masu firam na roba, ja da kore da shuɗi. Muka ce, "Baba, guda huɗu za ka ba mu." Ya ɗago ya dube mu ya ce, "Samari, lefe ake haɗawa ne?" Da muka ce masa ɓalle su za mu yi, sai ya girgiza kai ya ce boko dai ba ya rabo da abin mamaki. Kuɗin guda huɗun bai kai na katin data na mako ɗaya ba.

Wannan sana'a ta Baba tsohuwa ce. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya lissafa madubi a cikin kayan Turai da ya gani a kasuwa, tare da allurai da takarda da duwatsun ado, duk an ratso Sahara da su a bayan raƙuma. Abin da fatake suka yi watanni suna ɗauke da shi, yau shi ne yaro ke saye da canjin aike.

Kafin mu taɓa firam, ya kamata ku san abin da ke hannunku. Madubi ba gilashi kaɗai ba ne, hawa uku ne. Akwai gilashin da kuke taɓawa, a bayansa akwai wani shafe na azurfa ko alminiyam wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, sannan akwai fenti da aka rufe shafen da shi don kada iska da danshi su ci shi. Shafen nan na tsakiya shi ne madubin gaskiya, shi ke mayar da haske. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya fito da hanyar shafa azurfa a gilashi a 1835. Kafin shi da kuza da zaiba ake yi, kuma zaibar tana lalata lafiyar masu aikin. In kuna so ku tabbatar shafen a baya yake, ku ɗora tsinin fensir a fuskar madubi. Za ku ga tsinin da hotonsa ba su haɗu ba, akwai 'yar rata a tsakani. Kaurin gilashin ne ya raba su.

Wannan bayani yana da amfani biyu. Na farko, ya nuna cewa bayan madubi ya fi gabansa bukatar lallaɓawa: ƙarzane ɗaya a fentin nan, kun yi wa madubin tabon da ba ya gyaruwa. Na biyu, shi ya sa dole a cire firam. A gwajin Fiziks ana son bayan madubi ya zauna daidai kan layin da aka ja a takarda, kuma ana son madubai biyu su haɗa baki ba rata. Roba mai kauri ba za ta bari ba.

Yanzu ga yadda muka yi kuskure, don kada ku maimaita. Madubi na farko, a tsaye muka riƙe shi a hannun hagu, muka cusa bakin wuƙa tsakanin roba da gilashi ta gaba, muka ɓanƙara kamar mai buɗe gwangwanin madara. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba muka ji ƙas! Gilashin ya rabe biyu, ɓari ɗaya ya zarce cikin yatsa. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "To, masu jami'a, an fara ke nan?" Ba mu da amsa. Laifin namu ne: gilashi yana jure danna, amma ba ya jure lanƙwasa, kuma irin wannan na araha kaurinsa bai fi milimita biyu ba. Duk wanda ya mai da gefensa madogarar wuƙa, ya riga ya fasa shi.

Ragowar ukun lafiya lau suka fita, domin mun sauya dabara. Ƙa'idar ɗaya ce: firam ake cirewa daga madubi, ba madubi ake ciro wa daga firam ba. Robar ce za ku lanƙwasa, ku yanka, ku karya in ta kama. Gilashin kuwa yana kwance ba ya motsi.

Ku shimfiɗa tsohon zane ko tawul a kan tebur ko daɓen siminti mai laushi, wurin da babu tsakuwa ko ɗaya. Ku sa takalmi, ku sa safar hannu mai kauri irin ta masu aikin gini, in babu ku naɗe hannu da tsumma. Mai tabarau ya sa, don tsinin gilashi yana iya tsalle. Ku kori ƙananan yara daga wurin, kaji ma haka. Sannan ku manna salatif a fuskar madubin, layi biyu ko uku a gicciye, ta yadda ko ya fashe ɓaraguzan ba za su watse ba. Ku kifa shi, fuska a ƙasa, duk aikin ta baya za a yi.

Ku tsaya ku dubi bayan da kyau kafin ku taɓa, domin ba duka iri ɗaya ba ne. Ƙananan na 'yan koli galibi murfin roba ne ko kwali aka danna a ciki, wasu 'yan haƙora na roba suka riƙe shi. Da siririyar sukudireba za ku tura bakin robar waje, nesa da gilashi, haƙori ɗaya bayan ɗaya, kuna zagayawa. Kada ku nace a wuri guda. In robar ta yi tauri, ku ajiye madubin a rana na ɗan lokaci, a kife, zafin zai sa ta yi laushi. Akwai masu bakin gwangwani da aka naɗe. Waɗannan da filaya ake warware naɗin kaɗan-kaɗan, kuma ku sani bakin gwangwanin shi ma yanka yake yi. Sai kuma dogon madubin nan na jikin bango, mai siririn firam da kwali a baya. Shi ana fara zare ƙananan ƙusoshi ko wayoyin da aka harba a kusurwoyi huɗu, a yanke kwalin da reza a bi ta gefe, reza a kwance ba a tsaye ba, don kada ta taɓa fenti. Da kusurwa ɗaya ta buɗe, sauran sassan firam ɗin a hankali za a ja su waje.

Inda aka fi shan wahala shi ne gam. Wani madubin an ɗiga masa gam a baya an manne shi da kwali ko roba. In kuka fizga, gam ɗin zai taho da fenti da shafen gaba ɗaya, ku ga rami fari a tsakiyar madubi. Abin da ya yi mana aiki shi ne zaren lailon mai ƙarfi, irin na masu gyaran takalmi. Mun zura shi tsakanin gilashi da kwali, mutum ɗaya ya danne madubin da tafin hannu, ɗayan yana jan zaren hagu da dama kamar zarto har ya ratsa gam ɗin. Abin da ya rage manne a jikin fenti, ku bar shi. Ba wanda zai gani, kuma ba ya hana gwaji. Kada ku ce za ku goge shi da fetur ko tina, za su iya narkar da fentin.

Da madubi ya fito tsirara, aikin bai ƙare ba, hasali ma a nan ya fi haɗari, domin firam ɗin nan da kuka raina shi ne ke ɓoye kaifin gefen. Ku jiƙa samfefa mai laushi da ruwa, ku naɗa ta a guntun katako, ku goga gefen a karkace, a hankali, har sai kaifin ya mutu. Jiƙawar tana hana ƙurar gilashi tashi ta shiga ido ko huhu. Bayan nan ku bi gefuna uku da salatif na takarda ko na masu gyaran wuta, ku bar gefe ɗaya da zai zauna kan takarda. Dogon madubi kuma, da zarar ya rabu da firam ya zama kamar ganye. Kada mutum ɗaya ya ɗaga shi a kwance, a tsaye ake ɗaukarsa, kuma a gaggauta kwantar da shi a kan falanki ko kwali mai kauri.

Gaskiya, a ganinmu dogon bai dace da ɗalibi ba. Ya fi tsada, ya fi saurin fashewa, kuma saboda sirantarsa yakan ɗan lanƙwashe ya karkatar da hoto. Idan kuna son dogayen sassa, kamar santimita 5 a faɗi da 15 a tsawo, ku je wurin masu haɗa tagogin alminiyam ku gaishe su da ladabi. Sukan sami guntayen madubi da suka rage, kuma suna da abin yankan gilashi da hannun da ya saba. Yankan gilashi ba aikin koyo a tsakar gida ba ne.

Wanda tsautsayi ya faɗa wa kamar mu, ya danne wurin da tsumma mai tsabta, ya ɗaga hannun sama, ya riƙe minti goma ba tare da leƙawa ba. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki. In yankan ya yi zurfi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko gilashi ya maƙale a ciki, kada a zare shi, a tafi asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus. Ɓaraguzan kuwa a naɗe su a takarda mai yawa a binne a rami mai zurfi. Kada a zuba su a juji, inda yara ke yawo ba takalmi, inda kuma ake kwasar taki zuwa gona.

To, ga madubai uku a hannu. Me muka yi da su?

Mun fara da abin da ya kai mu kasuwa. Mun ɗora farar takarda a kan kwali, muka ja layi, muka tsayar da madubi ta yadda bayansa, ba gabansa ba, ya hau layin. Mun tokare shi da guntun sabulu. Daga tsakiyar layin muka ja wani a miƙe zuwa gabanmu, wanda littafinku ke kira nomal. Da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi muka auna digiri 30 daga nomal ɗin, muka ja layi, muka kafa allurai biyu a kansa, da tazara mai ɗan yawa a tsakaninsu. Sai ƙanin namu ya koma ɗaya ɓangaren, ya rufe ido ɗaya, ya sunkuya har ya ga hotunan alluran biyu sun zama ɗaya a cikin madubi, ya kafa wasu biyu a kan wannan saitin. Muka ɗauke madubi, ya haɗa ramukan da rula, ya auna. Ya samu 31. Ransa ya ɓaci, wai ya faɗi. Muka ce masa a'a, wannan 31 ɗin ta fi 30 ɗin da ke cikin littafinsa daraja, domin tasa ce, kuma yanzu sai ya nemo inda digiri ɗayan ya shigo. Ya gano allura ɗaya ta karkace. Ya sake, ya gwada da 45, ya gwada da 60, har aka kira Magariba bai tashi ba.

Wannan doka da ya auna da alluran ɗinkin Inna, a kanta babban malamin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya yi dogon bincike a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir tsakanin 1011 da 1021. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne bai yarda da magana don manya sun faɗa ba, sai ya haɗa kayan gwaji ya auna.

Gwaji na biyu ya fi daɗi, har ƙannenmu mata suka zo kallo. Ku haɗa madubai biyu da salatif ta baya su riƙa buɗewa kamar littafi, ku ajiye ƙwayar gyaɗa a tsakani. A digiri 90 za ku ga hotuna 3. A 60 za ku ga 5. A 45 za ku ga 7. Lissafin shi ne a raba 360 da kusurwar, a cire ɗaya. Ku ƙirga da ido tukuna, sannan ku duba ko lissafi ya yarda da ku. In kuka sa su fuska da fuska, kamar a shagon aski, hotunan ba su da iyaka, sai dai suna dusashewa suna komawa kore-kore, saboda kowane zagaye gilashin yana shanye wani abu daga hasken. Madubai uku dogaye da aka haɗa su suka yi kusurwa uku, aka zuba tsakiyoyi masu launi a ƙarshensu, su ne abin wasan nan mai fitar da zane kamar na hular zanna, wanda David Brewster na Sikotilan ya yi wa rajista a 1817.

Na uku shi ne madubin leƙe, irin wanda jirgin ruwa mai nutso ke ganin saman teku da shi. Dogon kwali ake naɗewa ya zama bututu mai kusurwa huɗu, a yanka taga a sama ta gaba, wata a ƙasa ta baya, a kafa madubi a kowace a karkace digiri 45, fuskokinsu na kallon juna. In ba ku da ma'auni, ku ninka takarda mai murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa, ninkin nan 45 ne cif. Mun tsuguna a bayan rumbu muka ɗaga namu, muka kalli buwa da kurciya suna tsince a kan shanya daga kusa, ba su san da mu ba. Sai muka tuna maharban da, masu ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe a cikin ciyawa, namun daji su ɗauka tsuntsu ne. Dabarar ɗaya ce, ka gani ba a gan ka ba. Ga Gandun Dajin Kamuku a gefenmu, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, dajin da aka san shi da giwa da gwanki da gwaggon biri da shi kansa burtun. Yawancin yaran garin nan ba su taɓa taka shi ba, kuma ba mu ba kowa shawarar ya gwada yanzu. Tsuntsayen bayan rumbu sun isa a fara da su.

Dajin nan shi ya kawo mu ga maganar da ba ma so ku tsallake. Mun san abin da kowane yaro ke fara yi da madubi: ya tari rana ya haska bango, ya haska idon abokinsa. Haska ido haramun ne a wannan fili, domin hasken rana da madubi ya mayar yana iya yi wa ido lahani kamar kallon ranar kai tsaye, direba ko ɗan acaɓa kuma in ka ɗauke masa gani na daƙiƙa ɗaya, ka iya jawo haɗari. Amma a Birnin Gwari akwai ƙari. Walƙiyar madubi tana tafiya nesa fiye da yadda kuke zato. Sojoji sun daɗe suna aika saƙo da ita kafin zuwan rediyo. A 1894 sojojin Amurka sun yi magana da juna daga kan duwatsu biyu masu nisan kilomita 295, da madubai da ba su fi faranti girma ba. A wurin da mutane suka sha wuya, inda kalmar infoma kaɗai ta isa ta jefa gida cikin masifa, yaron da ya hau katanga yana walƙa madubi ta fuskar daji, ko ta wajen shingen jami'an tsaro, ko ga jirgin sama da ke shawagi, ba wanda zai tsaya ya tambaye shi ko aikin gida na Fiziks yake yi. Gwajinku ya tsaya a cikin gida ko a aji, da sanin manya.

Haka madubin leƙen. Ba a yi shi don katangar maƙwabta ba. Wanda aka kama yana leƙen gidan mutane, kada ya ce a wannan shafi ya koya.

Madubi na huɗu, wanda ya yanke mu, Inna ta hana a binne babban ɓarinsa. Ta sa mun goge bakinsa mun naɗe da salatif, ta jingine shi a taga wajen sa kwalli. Ƙanin namu kuma ya zuba sauran ukun a kwalin takalmi da tsumma a tsakaninsu, ya ce ranar da aka koma makaranta zai kai wa malaminsu su yi gwajin a aji, layi-layi.

Waɗanda suka gwada, ku rubuto mana lambobin da kuka samu a digiri 30 da 45 da 60, yadda suka fito, ba yadda littafi ya ce ba, tare da sunan makarantarku da ajinku. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗauko madubin aski mai fuska biyu, mu ga dalilin da ya sa ɓangare ɗaya ke ƙara wa hanci girma, da kuma dalilin da ya sa ba a barin sa a rana kusa da katifa.